Direban da Ya Ƙi Cin Fanke

"Bawan Allah, ni kake kallo ko fanke?"

Fuatino, wadda ake kira Tino, ita ce ta yi tambayar, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da matsami. Tun ɗazu mutumin yake tsaye a gaban teburinta a kasuwar birnin Apia, ƙato ne na gasken gaske, ya tare mata iska, ya tare mata masu saye, shi bai saya ba, shi bai gusa ba.

Ya haɗiye yawu har ana jin ƙararsa. "Gaskiya kike so, ko abin da zai yi miki daɗi?"

"Gaskiya."

"Fanke."

Ta ja tsaki, amma dariya ta riga ta kama gefen bakinta. "To saya mana."

"An hana ni."

"To matsa."

"Ƙafafun ne suka ƙi. Ki bar ni in shaƙi ƙamshin kaɗan, shi dai nas ba ta hana ni ba."

"Ikon Allah. Yau na ga mai cin abinci da hanci."

Sai a lokacin ya ɗaga ido daga kan tiren ya dube ta sosai, ya gane ya tafka wauta. Doguwa ce, mai wushirya, da jan fure maƙale a bayan kunne. Ya buɗe baki zai gyara amsarsa, ta ce ya makara, ta riga ta san matsayinta.

Da yamma ta tattara kayanta ta hau bas ɗin ƙauyenmu, sai ga ƙaton nan a bayan sitiyari. Da gangan ta zauna a kujerar da ke bayansa, ta ɗora ragowar fanken a cinya, ta kuma ɗan ɗaga murfin. Har muka isa gida bai juyo ba, amma kowa a motar ya ga yadda ƙeyarsa take zufa.

Sunansa Setu, ɗan ƙanen Goggo Sulu ta bakin rafi, an kawo shi daga tsibirin Savai'i don ya riƙa jan bas ɗin mijinta. Kafin a ba shi makulli aka tura shi gwaji asibiti. Nas ta ɗora shi a sikeli, ta ɗebi jininsa, ta cire tabarau ta dube shi. Ta ce sugansa ya zo bakin ƙofa, ko ya rage jikin nan, ko ya fara yi wa ƙafafunsa sallama tun yanzu. Setu ya san maza da yawa a garinsu masu dogara sanda da ƙafa ɗaya, don haka bai yi gardama ba. Aka raba shi da fanke, da naman gwangwani, da awazar rago, da madarar kwakwa, da shayi mai suga. Aka bar masa kifi, da kabeji, da kokwamba, da gwanda, sai gwaza guda ɗaya tal.

To ni dai ban san wanda ya taɓa ƙoƙarin rage jiki a ƙauyenmu ya zauna lafiya ba. Mu nan in ka rame ba a ce maka sannu da ƙoƙari, danginka ake zagi, wai sun bar ka da yunwa. Ba ka isa ka gifta ƙofar gida ba a kira ka ka zo ka ci ba. Fasinjoji ma ta taga suke miƙo masa abu, in ya ce ya gode, su ce yaron nan akwai girman kai.

Ita kuwa yunwar Setu ba irin wadda ake ci ta tafi ba ce. Da ita yake tashi, da ita yake tuƙi, yana gama cin ɗan abincinsa za ta dawo ta zauna kamar ba a yi komai ba. Ya sha ruwa har in bas ya faɗa rami ana jin cikinsa yana ƙundum. Ya tauna kokwamba har muƙamuƙi ya yi ciwo. Ya goge baki ba adadi, wai don kwaɗayi ya kwanta. Ya rera waƙoƙin coci da ƙarfi don kada ya ji kukan hanjinsa. Mutumin da a da ba a jin kansa da kowa ya koma mai saurin hasala, har ya taɓa tsayar da bas a tsakiyar hanya ya roƙi wani dattijo don girman Allah ya ɗaure bakin ledar soyayyun kajinsa.

Kashegarin haɗuwarsu Fuatino ta sake zama a bayansa, amma wannan karon yankakkiyar gwanda ta miƙo masa, an matse mata lemun tsami.

"Karɓi, kada ka kifar da mu."

Daga nan shi ke nan. Kujerar bayan direba ta zama tata, wayarsa kuma ba ta ƙara hutawa ba.

"Sarkin Yunwa, ka ci abinci?"

"Na ci abin da nas take kira abinci. Zumata, yau na ga kare yana cin ɓawon burodi, na tsaya ina kallonsa har ya tsargu."

"Ka daina ce mini zuma, an hana ka ita. Je ka sha ruwa."

"In na ƙara shan ruwa kifi zai fara iyo a cikina."

"To ka yi tunanina."

"Na yi. Sai na gan ki riƙe da tire."

"Allah ya shirye ka. Gobe in ka ajiye mota ka same ni a bakin teku mu taka."

Haka suka riƙa takawa a bakin teku, shi yana mita, ita tana jan sa. Wata rana ya hau ta da faɗa a kan ta ce wata 'yar'uwarta ta yi miya mai daɗi, wai da gayya ta faɗa. Ta tsaya cak ta dube shi.

"Setu, ni fa na gaji. Ba a ambatar miya, ba a ambatar biki, ba a wucewa ta gaban shagon burodi. Da kai nake soyayya ko da cikinka?"

Ya sunkuyar da kai. "Yi haƙuri, Tinona. Ba ni ba ne, yunwa ce." Ya ɗago ya dube ta. "In na aure ki, za ki daina suyar fanke a gida?"

"Wannan neman aure ne ko kafa doka?"

"Duk biyun."

"To na ji na farkon. Na biyun sai ka yi magana da Mama."

A nan gizo yake saƙar, domin Mama Selepa, mahaifiyar Fuatino, ita ce mai hannun girkin da babu kamarsa a ƙauyenmu, kuma ta sani. Da abinci take gaisuwa, da shi take ta'aziyya, da shi take ba da haƙuri. Da cin mutum take auna halinsa, ba ta kuma taɓa yarda ma'aunin nan yana kuskure ba. Tana da nata ɗan takarar ma, Lafaele, wanda ya dawo daga birnin Auckland na ƙasar waje da sarƙa a wuya. Duk Lahadi yana gidan, ya share tire, ya suɗe yatsu, ya ce a duk ƙasar waje bai ci irin wannan ba. Fuatino ba ta ƙaunar ko ganinsa, amma Mama tana kiransa ɗan albarka.

Ana gobe Setu zai je cin abincin Lahadi a gidansu, Fuatino ta ja masa kunne.

"Ko me za ka ce, kada ka ambaci suga. Kada ka ambaci nas."

"To in ce mata me? Azumi nake?"

"Ka ce komai, ban da wannan. Ciwon suga ne ya kashe Baba. Ƙafa aka fara yankewa, sannan ido ya tafi. Mama ta ce lokacinsa ne ya yi, kuma tun daga ranar ba wanda ya isa ya furta kalmar nan a gidanmu."

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Setu ya sa farar riga da sabon zani irin na mazanmu, ya je ya naɗe ƙafa a kan tabarma. Aka buɗe umu, murhun duwatsun da aka rufe tun asuba, ƙamshi ya cika gidan. Aka dire masa tire: gwaza jibge, ayaba dafaffiya cikin madarar kwakwa, awazar rago tana naso, naman gwangwani, ɗan kifi a gefe, da palusami ɗin Mama, ganyen gwaza da aka dafa da madarar kwakwa har ya narke. Kowa yanzu da takardar nan mai ƙyalli yake naɗe palusami, ita kaɗai ta rage tana naɗewa da ganye, ta ɗaure da zaren ɓawon kwakwa. Fuatino ta zauna a gabansa tana kore ƙuda da mafici, tana harararsa ta ƙasan ido.

Setu ya ci kifin. Ya ci gwaza ɗaya a hankali, kamar mai tsoron ta ƙare. Sannan ya rufe ido ya tura tiren gaba.

"Me ya samu abincin?" in ji Mama Selepa.

"Ba komai, Mama. Na ƙoshi."

A daidai lokacin cikinsa ya saki wani ƙugi da har fasto zai iya ji daga gidansa. Lafaele, da ke kan tire na biyu, ya tuntsire da dariya.

"Mama, ki ƙyale shi. Wataƙila a Savai'i ba a saba da abinci mai kyau ba. Turo nan, ɗan'uwa, kada ya yi sanyi."

Da Setu ya zo tafiya Mama ta cika masa kwandon ganyen kwakwa har ya yi tozo, ta ɗora palusami a sama. "Wataƙila kunyar surukai kake ji. Je ka ci a gida, inda ba mai kallonka."

Ya ɗauki kwandon ya nufi bakin rafi, ƙamshi yana dukan hancinsa a kowane taku. Ya tarar Goggo Sulu da mijinta sun tafi gaida mara lafiya, gida ba kowa, sai shi da kwando. Ya ajiye shi a kicin ya koma ɗaki, ƙamshin ya biyo shi. Ya fita bayan gida, ƙamshin ya riga shi zuwa. Ya dawo ya tsinci hannunsa yana kwance zaren palusami ba tare da ya aike shi ba. Ya zabura, ya suri kwandon, ya miƙa wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ya ce ga ɗan abin Lahadi.

Da a ƙauyenmu ya girma da ya san abin da zai biyo baya. Ranar Lahadi abinci ba ya zama wuri ɗaya, daga wannan gida zuwa wancan yake yawo, kuma ba a mayar wa mutum kwano ba komai a ciki. Tsohuwa ta duba ta ga kwandon ya fi ƙarfin bakinta, ta ce wannan sai gidan fasto. Matar fasto kuwa tun rana take neman abin da za ta mayar wa Mama Selepa da shi, saboda abincin da ta aiko musu. Ta ga kwando mai kyau, ta ce madalla. Kafin a kaɗa ƙararrawar addu'ar yamma, kwandon yana gaban Mama Selepa, da ɗaurin zarenta, ko loma ba a taɓa ba.

Ban taɓa jin muryar matar nan ta kai bakin teku ba sai ranar.

"Abincina! Abincin da na tashi tun asuba na girka! Ya zagaya gari da shi kamar kayan da aka rasa mai so! Yanzu matar fasto ta san akwai wanda ya raina girkina. In na ƙara ganin ƙafarki a motar yaron nan, Tino, sai na saɓa miki. Wanda ya ƙi abincina ya ƙi ni, wanda ya ƙi ni kuwa ba ya auren 'yata."

Saƙon Fuatino ya shigo wayarsa da zafinsa.

"Duk faɗin tekun nan ba ka ga inda za ka jefa kwando ba sai hannun tsohuwa?"

"Zubar da abinci zunubi ne, Tinona."

"To ga lada nan ka samu. Mama ta ce Lafaele zai turo manyansa."

"Ke kuma me kika ce?"

"Na ce ina jin haushinka. Kada ka ƙara turo mini saƙo yau."

"Gobe fa?"

Gari ya waye ba ta zo ba. Ba ta kuma hau bas ɗinsa ba duk makon, motar ƙauyen gaba take bi ta ƙarasa da ƙafa. Masu cewa ciwon so yana hana cin abinci ƙarya suke yi, ko kuma ba su san Setu ba. Tasa yunwar ninkuwa ta yi. Ga kujerar baya wani tsoho ya gaje ta, ga mutane suna shigowa suna tambayarsa ko yau ma akwai kwandon rabo. Ya rame, ya yi zuru-zuru, har ɗaurin zaninsa ya fara zamewa, shi kuma ko farin cikin hakan ba ya yi.

Goggo Sulu ta yi masa tatas, sannan ta ce ya shirya, Lahadi mai zuwa za ta raka shi ba da haƙuri. Suka je suka zauna a bakin tabarma, kai a sunkuye. Goggo ta yi dogon jawabi, ta ce yaro ne baƙo, bai san hanyar kwano ba. Mama Selepa ta saurara har ƙarshe, fuskar nan a murtuke. Sannan ta ɗaga hannu, aka kawo tire. Na makon jiya wasa ne a kan wannan.

"Ni ba na son dogon zance," in ji ta. "Ga shi nan. Ka cinye, ka turo manyanka a sa rana. Ka bar loma ɗaya, ka bar gidana, Lafaele ga shi nan zaune."

Abin haushin shi ne, ba a taɓa yi wa mutum hukuncin da ransa yake so kamar wannan ba. Watanni yana mafarkin tire irin wannan, yau ga shi an ce in ya ci a ba shi mata. Ya dubi Fuatino, wadda ke zaune da mafici, ko kallonsa ba ta yi. Ya wanke hannu. Ya kwance palusami, tururi ya tashi. Ya gutsuri gwaza ya dangwala ya kai baki, sai hawaye suka zubo masa, shi kansa bai san na daɗi ba ne ko na baƙin ciki. Ya kai hannu ga awazar ragon.

Fuatino ta jefar da mafici ta fizge tiren daga gabansa. A wurinmu ba a janye abinci daga gaban baƙo yana ci, ko da maƙiyinka ne. Goggo Sulu ta dafe ƙirji. Lafaele ya tsaya da ƙashi a baki.

"Tino, kin haukace?" in ji Mama.

"Suga gare shi, Mama! Suga! Na faɗa, a kashe ni! Nas ce ta hana shi, ba raini ba ne. Watanni yana fama da yunwa kamar zai ci babu, ya ishe ni da mita, ya ishi kowa, amma bai karya ba sai yau, saboda ni. In ya cinye yau, Lahadi mai zuwa fa? Da ta bayanta? Haka za mu yi ta ɗura masa har a yanke ƙafar?" Muryarta ta karye. "Ni na riƙa wanke wa Baba dungulmin nan, Mama. Ba zan wanke na mijina ba. Ba na so in zauna ni kaɗai a tabarma kamar ke."

Mama Selepa ta miƙe a hankali, ba ta dubi kowa ba, ta fita. Kabarin mijinta, marigayi Aleki, yana ƙofar gida kamar na kowa, an shafe shi da siminti, a kansa take shan iska kullum da yamma. Can ta je ta zauna, ta ba kowa baya.

Fuatino ta fashe da kuka. Lafaele ya ga abin ya fi ƙarfin cin nama, ya ajiye ƙashinsa ya sulale. Setu ya goge hannu, ya fita, ya zauna a ƙasa gefen kabarin, don kada kansa ya fi nata tsawo.

Mama ce ta fara magana, ba tare da ta juyo ba. "Kullum sai ya ce mini, Selepa, na ƙoshi. Ni kuma in ƙara masa. Ko da likita ya hana shi, in na ga ya yi shiru yana kallon tiren yara, sai tausayi ya kama ni, in faki ido in ba shi. Ina ganin gata nake masa." Ta share fuska da bakin zani. "Kana zaton ban sani ba? Na sani. Shi ya sa ba na so a faɗa."

"Mama, ni ban san Baba ba," in ji Setu, "amma na ɗanɗani loma ɗaya ɗazu. Ba na jin akwai namijin da ya taɓa zama da ke ya ce an cuce shi. Ni ma kwandon nan ba raini ya sa na ba da shi ba. Tsoronsa na ji. Da ya ƙara minti biyar a gidanmu, da har ganyen sai na cinye."

Wata 'yar dariya ta kufce mata cikin kukan. Ta juyo ta ƙare masa kallo tun daga sama har ƙasa, kamar yau ta fara ganinsa.

"Yunwa kake ji yanzu?"

"Mama, tun watan da na zo garin nan nake jin ta."

"Kuma za ka iya haka har tsufa?"

"In da Tino, zan iya. Amma ba zan daina mita ba, gara in faɗa miki tun yanzu."

Ta yi ajiyar zuciya. "Me da me matar asibitin ta ce ka ci?"

Ya lissafa mata. Ta yatsine fuska a kan kowanne, da ya zo kan kabeji har tsaki ta yi. Sannan ta ɗaga murya. "Tino! Daina wannan kukan ki hura wuta. Akwai kifi a cikin kula. Kada ki sa masa mai."

Da Setu ya san abin da ya jawo wa kansa, da wataƙila ya zaɓi nas. Mama Selepa ba ta iya yin abu rabi da rabi ba. Ƙarfin da ta yi shekaru tana ɗura wa mutane abinci da shi, shi ta juyar gaba ɗaya kan hana surukinta. Ta tashi a taron matan coci ta ce duk wadda ta ƙara miƙa wa Setu ko alewa ta taga, da ita take yi. Ta bi masu shaguna ɗaya bayan ɗaya. Ta koyi gasa kifi da lemun tsami da citta har mutane suka fara roƙon a ɗanɗana musu, amma gwaza ɗaya dai ita ce ɗaya, kuma ita take zaɓar ƙaramar.

"Tinona, ki cece ni. Yau Mama ta shinshina bakina a gaban fasinjoji."

"Me ka ci?"

"Gyaɗa. Ƙwara huɗu."

"To ka gode wa Allah ba ni na kama ka ba, Sarkin Yunwa. Saura kaɗan ka zama nawa, ina son ka da ƙafafunka biyu."

"Ke da uwarki kun fi yunwar mugunta. Ina son ki."

Aka ɗaura aure a cocinmu ranar wata Asabar, ango cikin kwat ɗin da sai da tela ya rage shi har sau biyu. An yi girkin da ƙauyuka uku suka ci suka yi guzuri, kek ɗin ma hawa-hawa har ya fi amarya tsawo. Lafaele ya zo, kuma don a faɗi gaskiya, ya yi wa abincin adalci. Shi kuwa ango, ana ta wucewa da tire ta gabansa, yana bin kowanne da ido kamar mai rakiyar ɗan'uwa zuwa jirgi.

Mama Selepa ba ta yarda kowa ya kai masa abinci ba, da hannunta ta kawo: gasasshen kifi, da kabeji, da gwaza ɗaya. Ta ajiye a gabansa, ta dafa kansa, ta dafa na Fuatino. Mun zaci dogon jawabi za ta yi, har mai kiɗa ya kashe na'ura. Amma a hankali ta yi maganar, sai mu na kusa muka ji.

"Na ciyar da namiji ɗaya har na raka shi ƙofar gida na rufe da siminti. Kai kam da yunwa zan riƙe ka, ɗana. Ka yi ta mitarka, ka tsufa, ka yi furfura, ka ishi 'yata har ta rasa inda za ta sa kanta. Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka. Allah ya sa ku ne za ku binne ni, ku biyu, kuna tsaye da ƙafafunku."

Fuatino ta kifa kai a kafaɗar mijinta tana kuka. Setu ya kama hannun tsohuwar ya riƙe gam. Mu muka amsa masa, gaba ɗayanmu, muka ce amin.